Ina-Aka-Kwana da Ƙanwarta

A gaban idonta Yaya muke ce mata, har waɗanda suka girme ta. A bayan idonta kuwa sunanta Ina-Aka-Kwana, don da wannan tambayar take buɗe baki kowace safiya, wani lokacin ma kafin ta amsa gaisuwa. Na yi shekaru teburina yana kallon nata a kamfaninmu na littattafan firamare, ni ina gyaran rubutu, ita tana riƙe da jadawalin aiki. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani kuma ita ta ba ni da bakinta bayan abin ya huce.

Ofishinmu a saman bene yake, ƙasanmu masu sayar da taya ne, saboda haka iskarmu kullum warin roba ce da na takarda. Littafi kafin ya fito sai ya bi hannuwa da yawa. Marubuci ya rubuta, in gyara, Mai Zane ya yi hotuna, Mai Shafi ya jera komai a kwamfuta, sannan a kai maɗaba'a. Mu ba mu da injin buga littafi, layi muke kamawa a wurin masu shi tun da wuri. In ranarka ta zo ba ka shirya ba, sai ka koma bayan kowa. Makarantu kuma ba sa jira, kafin a koma karatu suke saye. Aikin Yaya shi ne ta san inda kowane littafi ya tsaya a hannun kowa, don kada ranar maɗaba'a ta riske mu a buɗe.

Tana da farin allo da ya cinye bango guda, an ja masa layuka, sunayen littattafai a gefe, sunayen ayyuka a sama. Alƙalumanta uku ne. Kore na nufin lafiya lau, rawaya na nufin a lura, ja kuma na nufin za a kira sunanka a taron ranar Litinin a gaban Manaja. Kore da rawaya a aljihu suke zama. Jan kuwa a hannunta yake, a buɗe, in tana zagaye.

Ba a ofis ta koyi wannan ba. Ita ce ta fari a gidansu, ƙanne rututu a bayanta. Mahaifinsu direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya, mahaifiyarsu kuma tana aiki a ɗakin wankin wani asibiti, ta fita da safe sai yamma. Tun Yaya tana firamare aka bar mata gida. A bayan ƙofar ɗakinsu take rubutawa da alli: wa zai yi shara, wa zai ɗebo ruwa, wa zai wanke kwanuka. Wanda bai gama ba ta zagaye sunansa, Mama ta dawo ta gani. Ƙannen sun fi tsoronta a kan Mamar kanta. Sunan Auta kaɗai ba a taɓa rubutawa a ƙofar ba, don a lokacin tana goye a bayan Yaya.

Da ta yi karatun sakatariya ta shigo kamfanin a matsayin mai buga wasiƙu. Manaja ya lura duk abin da ya manta ita ba ta manta ba, sai ya saya mata allo. Ta riƙe shi kamar amana. Ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa ɓatar da takarda ba, kuma in ka ce mata hoton shafi kaza zai yi jinkiri, nan take a tsaye za ta gaya maka abubuwan da za su gusa a dalilinsa, har zuwa motar da za ta kai kaya makaranta. A wannan ban ga na biyunta ba.

Matsalar ita ce ba mai gaya mata komai zai yi jinkiri. Za ta tsaya a kanka, jan alƙalami a buɗe, ta ce, "Ina aka kwana? Kashi nawa?" Kai kuma ka dubi alƙalamin ka ce, "Casa'in, Yaya." A ofishinmu kowane aiki yakan kai casa'in cikin ɗari tun a makon farko, ya shimfiɗa tabarma a nan ya yi watanni. Allo kore shar har sai maɗaba'a ta ƙarato, sannan hankali ya tashi, a yi ta aiki babu Asabar babu Lahadi, Manaja yana ta kiran mai inji yana roƙon a ɗaga mana ƙafa. Duk shekara haka. Yaya ta ce lalaci ne, mu kuma muka ce haka aikin littafi yake.

Wata safiya aka yi ruwa, matakalar benen ta jiƙe, Yaya ta zame ta karye a idon sawu. Likita ya ce sai ta daɗe ba ta taka ba. Ita da kanta ta kira Manaja daga gadon asibiti ta ce kada ya ɗauko bare ya ɓata mata allo, ƙanwarta ta gama kwaleji tana zaune a gidanta ba aiki, za ta koya mata. Ta zaunar da Auta a bakin gado ta yi mata huɗuba.

"Kada ki zauna a teburin kowa. Kada ki yi musu dariya. Ki tambayi kashi nawa, ki rubuta, ki wuce. In kika sake musu fuska sun hau kanki."

"To, Yaya."

Auta ba ta yi ko ɗaya ba. Doguwa ce mai saurin dariya, tana yawan barin alƙalami a buɗe har ya bushe. Ranar farko ta zo wurina ta ce, "Anti, kashi nawa?" Na ce casa'in. Ta tsaya tana juya alƙalamin, sannan ta jawo kujera ta zauna.

"Ni fa wallahi ban gane casa'in ɗin nan ba. Kowa casa'in. Nuna min wanda ya rage ɗin in gani."

Na nuna mata tulin takardun. Ta dubi wanda na gama, ta dubi wanda ya rage, ta fashe da dariya.

"Anti, ai goman ta fi casa'in ɗin tsawo!"

Ni ma sai na kama dariya. Ta ce me ya tsayar da ni. Na ce marubucin ne ya ƙi amsa tambayoyin da na tura masa. A nan inda take zaune ta kira shi, ta gaishe shi da Baba, ta tambayi lafiyar iyali, kafin la'asar amsoshin sun iso.

Haka ta bi kowa. Cikin ɗan lokaci allon ya koma ja da rawaya. Manaja ya fito daga ofishinsa ya tsaya a gabansa riƙe da kofin shayi ya ce, "Yanka aka yi a allon nan?" Auta ta bi layi layi ta gaya masa abin da ya tsayar da kowa, ba ta ce laifin wani ba ne. Ya koma ciki, ya kira maɗaba'a aka musanya ranakun littattafai biyu, ya kuma ba wani na waje rabin aikin jera shafi. A shekarar nan, karon farko tun da na zo, mun yi Lahadi a gidajenmu.

Yaya ta dawo da sanda, ta hau benen a hankali tana ƙin a riƙe ta. Muka yi mata barka, aka sayo lemo. Ta tsaya gaban allon ta daɗe. Na ga ta kai yatsa ta goge wani layi da Auta ta ja a karkace. A gefen allon kuma akwai wata 'yar takarda da Mai Zane ya manna: ya zana Auta tana gudu, alƙaluma suna zubewa daga aljihunta, fuskar tana dariya. Yaya ta dubi zanen, ta dubi Mai Zane. Sun fi shekara goma suna aiki tare, bai taɓa zana ko inuwarta ba.

A taron Litinin ɗin Manaja ya yi maganar da ta tsaya mata a rai. Ba da mugun nufi ya yi ba, shi dai mutum ne da ba ya auna magana. Ya ce, "Yaya, ki gode wa ƙanwarki. Wannan ne karon farko da allon nan ya gaya min gaskiya." Ya ce Auta ta zauna, an ɗauke ta aiki, su riƙe jadawalin tare.

Auta ta sunkuyar da kai. Yaya ta yi murmushi ta ce, "Ai tarbiyyata ce, Yallaɓai." Sannan ta cire tabaranta ta yi ta gogewa da bakin mayafi har aka tashi.

Daga nan ta fara lura da abubuwan da ba ta taɓa damuwa da su ba. Wa aka fara gaisarwa in sun shigo tare. Wa aka ajiye wa biskit. Dariyar da take tashi a teburin Mai Shafi in Auta na wurin, ta mutu in an ji ƙarar sandarta. Takan ɗago daga kwamfuta ta ce min ƙasa-ƙasa, "Me suke yi wa dariya?" In ce ban ji ba. Ta ce, "Hm. Aiki dai ba wasa ba ne."

A gida ma ba ta tsira ba. Auta a ɗakin 'ya'yan Yaya mata take kwana, in sun dawo aiki Auta yaran suke rugawa su rungume, ita kuma su ce mata sannu da zuwa daga nesa, suna ɓoye littafin aikin gida. Maigidan Yaya, wanda malamin lissafi ne mai sanyin hali, ya ce wata rana a kan abinci, "Auta dai ta iya zama da mutane." Bai san ya taka wuta ba. Ta kira Mama a waya da nufin ta ɗan kai ƙara, sai tsohuwar ta ce, "Ai haka Allah ya yi ku. Ke kin iya aiki, ita ta iya mutane." Yaya ta gaya min cewa bayan ta kashe wayar ta zauna a bakin gado tana tambayar kanta, to wa ya goya ta har ta samu sararin iya mutanen? Da ita ma an bar ta ta yi wasa a waje, da ba ta iya ba?

Sai ta yanke shawara ita ma za ta iya. Wata safiya ta shigo da fakitin biskit, ta bar jan alƙalami a kan tebur, ta nufi Mai Shafi. Shi saurayi ne mai fargaba, sabon aure. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta miƙa masa biskit, ta yi murmushi har haƙora.

"Ya amarya?"

Ya miƙe tsaye. "Lafiya lau, Yaya."

"Zauna mana. Gaya min, me yake damunka a aikin nan?"

Ya dubi biskit ɗin, ya dube ni, gumi ya tsatso masa. "Yaya, don Allah in sallamata za a yi, a gaya min kawai."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya, ya mayar da ita tari. Yaya ta tashi, ta bar masa fakitin gaba ɗaya, ta koma teburinta. Ranar ba ta yi zagaye ba. Da rana na ga ta shiga banɗaki ta daɗe, ta fito fuska a wanke.

Mako bai zagayo ba ta samu Manaja ta ce ɗakin ajiyar littattafai ya hargitse, yana bukatar mai jini a jika, Auta ta dace. Ita ƙafarta ta yi sauƙi, za ta iya zagaye ita kaɗai. Manaja, da ba ya son shiga tsakanin 'yan'uwa, ya ce su suka sani. Auta ta kwashe 'yan kayanta ta koma ɗakin ajiya, can ƙarshen baranda, ɗaki mai taga ɗaya da kwalaye har rufi. Ba ta yi gardama ba. Ta ce, "To, Yaya," kamar kullum, wannan ma ya ƙara ɓata wa Yaya rai.

Allo ya koma kore. Sai dai kuma kowa ya tashi da bukatar ɗakin ajiya. Wannan zai ɗauko tsohon bugu, wancan zai nemo kwali, Mai Shafi kuwa sau uku a rana zaren ɗauri yake ƙare masa. Teburin Yaya yana kallon barandar. Duk wanda ya wuce sai ta bi shi da ido, in ya dawo ta dubi hannunsa ta ga ko da gaske ya ɗauko wani abu.

A wannan shekarar babban aikinmu littafin kimiyya ne na aji biyar, cike da hotuna masu ƙananan layuka: jijiyoyin ganye, cikin kunne, ƙafar ƙwaro. Duk a hannun Mai Zane. Dattijo ne mai furfura, mai yawan barkwanci, ya girmi Manaja ma. Ba wanda ya san idonsa ya fara yin yana. Da safe yana gani, in rana ta ɗaga layukan su haɗe masa. Yana tsoron in an sani za a ce ya huta. Wata rana ya shiga ɗakin ajiya, ya zauna a kan kwali, ya gaya wa Auta komai. Ya ce bai kai ko rabi ba.

Auta ta gaya wa Yaya da yammar nan, suna wanke-wanke a kicin, ita tana wankewa Yaya tana ɗauraya.

"Yaya, Baba Mai Zane fa ba casa'in yake ba. Idonsa ne. Ya ce bai yi rabi ba."

Yaya ba ta ɗago ba. "Wa ya gaya wa?"

"Ni."

"Ke ce mai allo?"

"A'a, Yaya, amma..."

"To in yana da magana ya san teburina. Ba ni aiki da jita-jitar ɗakin ajiya."

Ta san gaskiya ne. Wannan ita ta faɗa min da bakinta. Tun kafin ta ajiye farantin da ke hannunta ta riga ta lissafa abin da zai faru da ranar maɗaba'a. Amma tana so ya faɗa mata ita. Washegari ta je teburinsa ba alƙalami a hannu, ta tsaya fiye da yadda ta saba.

"Malam, ina aka kwana?"

"Casa'in, Yaya."

"Ba wata matsala? Ba abin da kake son in sani?"

"Babu, sai alheri."

Ta ga gilashin ƙara girma da ya tura ƙarƙashin takarda. Ta ga hoton kunnen da ya yi sau uku yana yagewa. Ta tsaya tana jira, shi kuma yana jira ta tafi. Ta koma ta sa masa kore. Kullum haka. Ta ce min kowace safiya takan ce wa kanta yau zai faɗa, in ya faɗa za ta gyara komai cikin awa guda, za ta nuna musu yadda ake ceto littafi. Da yamma kuma ta ga ya bi baranda zuwa ɗakin ajiya, sai zuciyarta ta ƙara bushewa.

Auta ta sake yi mata magana, a cikin motar haya. Yaya ta ce in ta ƙara, ta nemi wani gidan. Auta ta rasa yadda za ta yi. In ta je wurin Manaja ta tona wa yayarta asiri, ta kuma tona na dattijon. Sai ta yi shiru, ta rage dariya, ta fara zama a teburin Mai Zane bayan an tashi tana riƙe masa fitila tana gaya masa inda layi ya kauce. Bai isa ba.

Ranar da za a kai littafin, Mai Shafi ya buɗe shafukan a gaban Manaja, ramuka fari fat a inda hotuna za su zauna. Maɗaba'a ta ba wasu layinmu. Makarantu da dama da suka saba saye a wurinmu suka ɗauki littafin wani kamfani, wasu ba su dawo ba har yau.

Manaja ya tara mu. Ban taɓa ganinsa haka ba, muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ya nuna allon ya ce a gaya masa yadda aka yi kore ya haifi wannan. Mai Zane ya miƙe, ya cire hularsa, ya faɗi maganar idonsa. Manaja ya ce, "Ba wanda ka gaya wa?" Idon dattijon ya riga ya tafi wajen Auta.

Manaja ya juya gare ta. "Kin sani?"

Auta ta miƙe. "Na sani, Yallaɓai. Ban faɗa wa kowa ba. Laifina ne."

Na dubi Yaya. Na zaci zan ga sauƙi a fuskarta, sai na ga ta haɗe rai kamar an mare ta. Ta dafa tebur ta tashi, kujerar ta yi ƙara.

"Ƙarya take yi. Ta gaya min, har sau biyu. Ni na sa koren da hannuna ina sane. Zauna, Auta, ba allonki ba ne."

Daga baya mutane suka yi ta yaba mata, suna cewa ta yi jarumta. Da na faɗa mata haka sai ta yi tsaki. Ta ce ita ba jarumta ta ji ba. Ta ga yadda kowa ya juya yana kallon Auta da tausayi, ta ce a ranta, wato har laifin ma sai ta ƙwace ta fi ni kyau da shi? Shi ne ta miƙe.

Manaja ya sallame mu ya riƙe su biyun. Sun daɗe a ciki. Ba a kori kowa ba. An rage wa Yaya girma a takarda, ta sa hannu. Aka raba aikin: Auta ta yi zagaye ta kawo labari, Yaya ta zauna ta lissafa abin da labarin zai jawo, ta gyara ranaku. Aka daina kiran suna a taron Litinin. Mai Zane aka yi masa aikin ido, Yaya ce ta tsara ayyukansa yadda zai yi jinya ba tare da wani littafi ya tsaya ba, ta kuma kai masa lemo gida, ta zauna a bakin kujera ta kasa hira, ta tashi.

Abin haushin, a wurinta, shi ne tsarin ya yi aiki. Shekarun da suka yi tare ba mu ƙara rasa layi a maɗaba'a ba. Auta ta shigo da labari a hargitse, rabi a tafin hannu rabi a ka, Yaya ta warware shi ta ce a matsar da wannan, a fara wancan. In Manaja ya ce, "Ku biyun nan kun iya," Yaya takan jira ya fita ta ce min, "Kin ji wa ya fara kallo da ya faɗa?"

Sai wani babban kamfani da ke buga littattafan sakandare ya nemi Auta. Sun ji labarinta a wurin mutanen maɗaba'a. Za a ba ta ofis, da mutane a ƙarƙashinta, a wani gari. Auta ta yi kwanaki tana tsoron faɗa. Da ta faɗa, Yaya ta ce, "Ni ba su ji labarina ba kenan." Sannan ta tashi ta ɗauko rigar da Auta za ta sa zuwa ganawar ɗaukar aikin, ta goge ta da kanta tana faɗa, wai wuyan ya yamutse, wai ta yanke farce, wai kada ta je tana yi wa mutane dariya kamar wawiya. Ta zaunar da ita ta koya mata lissafin ranaku, abin da a da ta ƙi koya mata. Ta raka ta tasha, ta saya mata ruwa, ta dawo ofis ta yi wa Mai Shafi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ranar walimar bankwana ta ce ƙafarta ta tashi, ba ta zo ba. Washegari tun ban ajiye jaka ba ta tare ni. Wa da wa suka zo? Me Manaja ya ce? Da gaske Mai Zane ya yi hawaye? Na ba ta labari. Ta kama jera takardun da a jere suke.

"In ni ce zan tafi, za a yi haka?"

Na ce za a yi walima, kuma kowa zai zo.

"Ba abin da na tambaye ki ba kenan."

Na ce ba na jin za a yi kuka, amma kafin wata ya ƙare za a neme ta a waya. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce ni ma ba ni da kirki, ta ci gaba da aikinta.

Har yanzu tana nan, furfura ta fito mata a gaban goshi, in hadari ya haɗu ƙafar takan yi mata tsami. Manaja ya ɗauko wata mata mai fara'a tana yin zagayen, Yaya tana kiranta Hajiya Dariya, amma duk abin da ta kawo tana rubutawa. Auta ta yi aure a can, ta haihu, an ƙara mata girma. In labarin ya zo Yaya takan ce ma sha Allah, ta wuni ba ta ci abinci ba, washegari ta aika da kaya cike da jaka.

Wani lokaci Auta takan kira a tsakiyar aiki, in jadawalinsu ya cuɗe mata. Yaya ba ta ɗauka a kunne. Sai ta bar wayar ta yi ringi kowa ya ji, ta ajiye ta a tsakiyar tebur, ta buɗe murya har ƙarshe. Muryar Auta ta cika ofis: "Yaya, don Allah taimake ni, littattafai uku sun haɗe min a mako ɗaya, na rasa wanda zan matsar."

Yaya ta jingina da kujera, ta dubi Mai Zane, ta dubi ƙofar Manaja ko a buɗe take, sannan ta ce, "Ban ji ki sosai ba. Sake faɗa."